Kiɗan tangarɗar na'ura a wani ɗaki a Nima: abin da na ji da abin da na gani

Idan ka bar babban titin unguwar Nima a Accra ka gangara lungun da ke zuwa wajen gota ta ɓangaren Maamobi, akwai wani ɗaki a saman bene inda wani matashi ke haɗa kiɗa da hoto daga abin da mu sauran muke kira lalacewar na'ura. Daren Asabar bayan Isha'i yake buɗe wa jama'a su zo su zauna su ji, su kalla. Sauran ranaku yana karɓar aiki: ka kawo masa sauti, ya yi masa hoto mai motsi, ko ka kawo masa hoto ya fitar da sauti daga cikinsa. Na zauna a zamansa na Asabar, na kuma ba shi aiki da kuɗina, saboda haka kan duka biyun zan yi magana.

Ni gyaran waya nake yi a Circle, wajen Tiptoe Lane. Tun safe har magariba abin da ke zuwa teburina ke nan: sikirin da ya yi layi-layi, sifikar da ke ƙarar tsagewa, hoton da ya daskare rabi kore rabi baƙi. Mai waya na ganin wannan ransa ya ɓaci. Ni kuwa idan na kalli layin, shi ke gaya mini inda ciwon yake. Siririn layi ɗaya miƙe daga sama har ƙasa daban ne da tabon baƙi mai yaɗuwa daga kusurwa, kuma dukansu daban ne da sikirin da ke ƙyaftawa idan ka danna bayan wayar. Kowace tangarɗa da siffarta, kowace siffa da dalilinta. Da wannan idon na shiga ɗakin, kuma abin da ya kama ni shi ne yaron nan ya san haka. Ba hayaniya yake zubawa kara zube ba. Ya san ainihin abin da ya karya, ya san kuma sautin da zai fita idan ya karya shi.

Ɗakin bai da girma. Benci biyu ne, da tabarmi a gaba, bango ɗaya an shafa masa farin fenti don majigi ya haska a kai. A kan tebur akwai laftof, da ƙaramar miksa, da tsohuwar na'urar kunna faifan CD da aka cire mata murfi, da talabijin mai ƙusumbi irin na da, sai wata tsohuwar na'urar osiloskop mai koren fuska, wato na'urar da ke nuna siffar wutar lantarki a ido, wadda na daɗe ban ga irinta tana aiki ba. Ya ce yawancin kayan a wajen 'yan gwangwan ya tsinto su, wasu tun kafin a rushe filin Agbogbloshie a Yulin 2021. Sifikoki biyu ne manya a gaba, da ɗaya ta ƙasa mai fitar da kaurin amo. Kuɗin shiga ta MoMo, wato turawa ta waya, ake biya ko a hannu, kuma bai wuce abin da mutum zai ci rana da shi ba. Ana ba da ataya da sobolo. Ba giya, ba hayaƙi, abin da ya sa na ga har da dattawa biyu a ciki.

Wannan irin kiɗa, da suke kira gilic, wato kiɗan tangarɗar na'ura, yana da tarihinsa, kuma mai ɗakin yana ɗaukar 'yan mintoci ya ba da shi kafin ya fara. Na ji daɗin hakan don ba kowa ke zuwa da sani ba. Faifan CD yana ajiye sauti ne a matsayin lambobi, yana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma an gina na'urar ta yadda idan ƙaramin ƙarzuwa ya ɓata wasu lambobi za ta cike gurbin da kanta ba tare da ka ji ba. Sai ɓarnar ta fi ƙarfinta ne take fara tsalle, tana maimaita wuri ɗaya, tana ƙas-ƙas. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan Japan da ke zaune a Amurka, Yasunao Tone, ya riƙa manna salatif mai ƙananan huji a ƙarƙashin faifai da gangan don ya rikita na'urar. A farkon shekarun 1990 wasu Jamusawa da ake kira Oval suka riƙa yi wa faifai zane da alƙalamin maka, suna naɗar tsallen, suna jera shi ya zama kiɗa. Daga nan abin ya bazu, har wani ɗan Japan, Ryoji Ikeda, ya shahara da haɗa siraran sautuka da farare da baƙaƙen layuka masu gudu a manyan bango.

Ya nuna mana wannan a gabanmu. Ya ɗauki faifai, ya ja masa layi uku da maka, ya saka. Waƙar da ke ciki ta tafi daidai na ɗan lokaci, sai ta maƙale a kan rabin kalma, tana ta nanata shi, tik-tik-tik, sai ta ƙwace ta faɗa wani wurin. Ya kama wannan guntun da miksa, ya mayar da shi yana zagayawa, ya ɗora wani a kai. Kafin ka ankara an sami bugu mai tsari wanda kai kanka kana gyaɗa masa kai. Babu ganga a ciki ko ɗaya.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na osiloskop, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wanda ya taɓa aikin lantarki ya san na'urar: ɗigon haske ne ɗaya a tsakiyar fuska, ƙarfin wutar da ka ba ta shi ke tura ɗigon. Yaron ya haɗa sautin sifikar hagu ya riƙa tura ɗigon gefe da gefe, na dama kuma ya riƙa tura shi sama da ƙasa, sannan ya kafa kyamara a gaban fuskar, majigi na haska abin a bango. Ma'ana, wutar da ke shiga sifika ita ce dai wutar da ke zana hoton. Babu wani wanda ya zauna ya zana abu ya liƙa wa kiɗa daga baya. Ya fara da sauti ɗaya tsantsa a ɓangarorin biyu, sai ga miƙaƙƙen layi a karkace. Ya ɗan jinkirta ɓangare ɗaya, layin ya buɗe ya zama ƙwai, ya ƙara, ya zama cikakken zobe. Ya ninka saurin ɓangare ɗaya sau biyu, zoben ya murɗe ya koma siffar lamba takwas. Wani Bafaranshe, Jules Lissajous, ya yi nazarin waɗannan siffofi tun a shekarun 1850 da madubi da ƙarafa masu kaɗawa, tun ba a san kwamfuta ba. Na taɓa ganinsu a littafin koyon aiki, amma ban taɓa jin su da kunnena a lokacin da nake kallonsu ba sai a ɗakin nan.

Daga nan ya fara ɓata sautin. Ya ƙara masa ƙarfi har ya wuce abin da na'urar ke iya ɗauka, kan igiyar sautin ya yanke, sai zoben nan mai santsi ya yi kusurwoyi, a daidai lokacin da kunnenka ya ji amon ya yi kaushi. Ya rage yawan lambobin da ke ɗauke da sautin, zoben ya koma matakala-matakala, sautin kuma ya yi yashi. Ya taɓa kan kebur da yatsa, sai ga gurnanin wutar lantarki, wannan zuuu ɗin da duk mai gyara ya sani, wanda ke fitowa daga wutar gidajenmu mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, zoben duka ya hau rawa a hankali. Duk abin da kunne ya ji, ido ya gan shi nan take. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin koya wa mutum yadda sauti yake ba, har na ce a raina ya kamata in kawo yaran shagona su gani.

Kashi na biyu na daren shi ne wanda ya gina da sautukan unguwa, kuma a ganina shi ne ainihin dukiyarsa. Ya zaga da ƙaramar rikoda ya naɗi injin nika-nika, da keken ɗinki, da ƙofar motar haya ta trotro mai ja, da kiran yaron mota yana faɗin Circle da Kaneshie, da cokalin mai koko yana bugun bakin tukunya, da janareta yana shirin mutuwa. Ya yayyanka su gutsi-gutsi, wasu ba su kai ƙiftawar ido ba, ya jera. A bango kuma, manhajar Pure Data, wadda Miller Puckette ya ƙirƙira a shekarun 1990 kuma kyauta ake saukar da ita, tana auna ƙarfin kowane sauti da kaifinsa tana juya su zuwa layuka da murabba'ai. Sauti mai kauri ya ba da faffaɗan baƙin shafi, mai kaifi ya ba da siraran zare farare. Da keken ɗinkin ya shigo, zaren suka jeru suna sarƙewa kamar saƙa a hannun masaƙi, ja da ruwan ɗorawa suna ratsawa.

Ɗaya daga cikin dattawan nan, tela ne a kasuwar Nima, ya ɗaga hannu a tsakiyar abin ya ce, "Yaro, wannan keken ƙafa ne, kuma bel ɗinsa ya saki." Mai ɗakin ya sassauta sautin ya ce, "Haka ne, Baba, a shagon maƙwabcinmu na naɗa." Dattijon ya gyara zama ya ci gaba da saurare har ƙarshe. An niƙe sautin, an juya shi gaba da baya, amma mai sana'a ya ji kayan aikinsa a ciki. Ni ma da ƙarar injin hura iska mai zafi ta wuce, irin wanda muke ɗaga ƙananan sassan bodin waya da shi, na gane ta tun kafin ta gama.

Akwai kuma ɗan wasan da ya yi da talabijin mai ƙusumbi, inda ya matso da maganaɗisun tsohuwar sifika kusa da gilashin, launuka suka karkace suka bi hannunsa. Nam June Paik ɗan Koriya ya yi irinsa tun 1965. Yana da kyau, yara sun so shi, amma gajere ne.

To, sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma zan faɗe su dalla-dalla don ina son wurin ya ɗore.

Na farko kuma mafi nauyi shi ne walƙiyar haske. A kashi na ƙarshe ya saki fari da baƙi suna musanyawa a bango da gudun tsiya, ɗaki kuma a rufe da duhu. Irin wannan walƙiya tana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa, har da wanda bai san yana da shi ba. Ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi ita ce kada abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, nasa kuwa ya ninka haka nesa. Babu sanarwa a ƙofa, bai kuma faɗa da baki ba kafin ya fara, ga yara a kan tabarma a gaba. Bayan an tashi na same shi na ce, "Ƙanina, wannan ba abin wasa ba ne, ka rubuta a ƙofa, ka kuma faɗa kafin ka kunna." Ya ce, "Na ji, Yaya, in sha Allah zan gyara." Na yarda da niyyarsa, amma har sai na ga takardar a manne, ina gaya wa duk mai wannan larura ko mai yawan ciwon kai ya fita kafin kashi na ƙarshe.

Shi wannan kashin na ƙarshe ma, ko ba don walƙiyar ba, shi ne mafi rauni. Siraran sautuka ne masu tsinin gaske da fararen layuka masu gudu, irin salon da manyan Japan da Jamus suka yi suna da shi. Su suna yi ne a manyan zaure da sifikokin da aka auna, shi kuwa a ƙaramin ɗaki mai bangon siminti da rufin kwano, inda sauti mai kaifi ke dukan bango ya dawo maka cikin kunne. Na fita kunnena yana ƙara har na kai gida. Ya kuma yi tsawo, har mutane suka fara duba wayoyinsu. Abin da ya fi damuna shi ne na ga kamar shi wannan kashin ya fi alfahari da shi, don ya yi kama da abin da yake gani a YouTube. Alhali injin nika-nikan Nima da muryar yaron trotro babu wanda ke da su a Balin ko Tokiyo. Da ni ne, da na rage wannan zuwa kashi ɗaya cikin uku, na ba sautukan unguwa sauran lokacin.

Zafi ma akwai shi. Fanka ɗaya ce, kuma yana kashe ta idan za a shiga wurare masu shiru don ƙararta na shiga cikin kiɗan. Na fahimci dalilin, amma majigi da talabijin da jikin mutane duk suna fitar da zafi, tagogi kuma a toshe da katifa don kada a dami maƙwabta. Matakalar hawa benen ba ta da fitila. Mata kaɗan ne ke zuwa, kuma ina ganin da ya ware musu benci, ya kuma riƙa yin zama ɗaya da la'asar, da sun fi haka, don ba kowace uwa za ta bar 'yarta ta fita lungu bayan Isha'i ba.

Wani abu da ya burge ni shi ne yadda yake mutunta wurin da yake. Duk shekara sarakunan ƙabilar Ga suna hana kiɗa da hayaniya a Accra na kusan wata guda, tsakanin Mayu da Yuni, kafin bikin Homowo. A wannan lokacin ba ya kunna sifika ko kaɗan. Yana raba abin sawa a kunne, mutane kaɗan-kaɗan, bi da bi. Wanda ya ji ta haka ya gaya mini ƙananan ƙas-ƙas ɗin sun fi fitowa, don kana jin wanda ke hagu da wanda ke dama. Da azumi ma rufewa yake yi. Idan kuma wuta ta ɗauke, yana da batir da ke riƙe laftof da miksa, sai dai majigi ba ya tashi, sai a koma kallon ƙaramar fuskar osiloskop a matse.

Aikin da na ba shi gajeren bidiyo ne na tallar shagona, na sakawa a waya. Ya zo Circle da kansa da rikoda, ya zauna gefen teburina ya naɗi ƙarar sukudireba, da tsit ɗin mita idan layi ya haɗu, da hayaniyar masu kiran kwastoma a bakin titi. Ya kuma ɗauki hoton wani fasasshen sikirin da na cire, mai layuka kore da shunayya. Abin da ya yi da hoton ya ba ni mamaki. Ya buɗe fayil ɗinsa a manhajar Audacity, wadda ta gyaran sauti ce, ya sa ta karanta lambobin hoton a matsayin sauti. Ƙara ce ta fito, shhh mai kaushi da tsalle-tsalle. Ya sa wa tsakiyar ƙarar amsa-kuwwa, ya kauce wa farkon fayil ɗin inda bayanin girman hoton yake, don idan aka taɓa nan hoton ba zai buɗu ba sam. Ya adana, ya sake buɗe shi a matsayin hoto. Sai ga layukan sikirin ɗina sun ninku, suna bin juna zuwa gefe ɗaya. Ya yi haka sau da yawa da ƙarfi daban-daban, ya jera hotunan suka zama motsi. Bidiyon ya fara da sikirin a wargaje, sauti na karyewa, a hankali layuka suna komawa mazauninsu har fuskar ta yi fes, sannan sunan shago ya fito. Duk wanda ya gani ya gane saƙon ba tare da an yi magana ba.

Ya wuce ranar da ya yi mini alkawari da kwanaki, sai da na yi ta kira. Ya ba da haƙuri, ya ce laftof ɗinsa ke jan ƙafa wajen fitar da bidiyon, kuma na ga laftof ɗin, gaskiya ya faɗa. Matsala ta biyu ba tasa ba ce kaɗai, amma ya kamata ya hango ta. Da na ɗora bidiyon a dandalin sada zumunta, siraran layukan nan suka dagule suka zama dabbare-dabbare, saboda dandalin yana matse fayil don ya rage nauyi, kuma matsewar ba ta jituwa da ƙananan zane masu saurin canzawa. Kaurin amon da ya sa ma sifikar waya ba ta iya fitar da shi. Na koma masa, ya sake yi da layuka masu kauri da motsi a hankali, ya ɗaga sautin zuwa inda ƙaramar sifika ke kaiwa, bai ƙara mini ko kwabo ba. Na biyun ya fita lafiya, kuma mutane sun tambaye ni wa ya yi.

Wanda ke neman kiɗan awure ko na suna kada ya je, ba na rawa ba ne, ba kuma waƙa a ciki. Amma masu gyaran waya da rediyo, da ɗaliban fasaha, da matasan da ke haɗa kiɗa a kwamfuta a bes-bes, wato majalisun matasa, na Nima da Fadama da Madina, da masu zanen da ke kai aikinsu bikin zane-zane na titi, Chale Wote, da ake yi a Accra tun 2011, duk za su sami abin ɗauka. Yana kuma koyarwa da rana ga mai so, da manhajojin kyauta yake farawa, ba sai ka sayi komai ba.

Idan za ka je zaman Asabar, ka isa da wuri ka kama bencin baya ta tsakiya, nan ne sifikokin biyu ke haɗuwa daidai kuma kaifin sautin bai kai na gaba ba. Ka zo da hankici da ruwan sha, ka kunna fitilar wayarka a matakala. Idan aiki za ka ba shi, ka gaya masa tun farko inda za ka saka bidiyon, waya ko majigi, ka biya rabi, sauran sai ka gwada shi a taka wayar a gabansa.